Ilmin Kiyaye Daji da Namun Dawa, da Wajibcin Nemansa a Jami'a

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya gudanar da koguna a cikinta, ya watsa masu tafiya da masu rarrafe da masu tashi a sararinta, kuma ya hukunta wa kowace halitta arzikinta. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

   

Bayan haka, an nemi in yi muku bayani a kan wani fanni na ilmi wanda, ko da yake jami'o'inmu sun daɗe suna koyar da shi, har yanzu galibin iyaye ba su san da shi ba, waɗanda suka sani kuwa sukan ɗauke shi mafakar yaron da aka hana karatun likita, wato fannin kiyaye daji da tafiyar da al'amuran namun dawa. Abin da nake fatan tabbatarwa a gabanku, in Allah ya yarda, shi ne cewa wannan aiki ya fi ƙarfin mai gadi da bindigarsa, yana bukatar ilmi mai zurfi irin wanda ake samu bayan shekaru a jami'a, kuma neman wannan ilmi nauyi ne da ya hau kan jama'armu, wanda ba mai sauke mana shi sai 'ya'yan da muka haifa.

Dattawan da ke zaune a nan shaidu ne cewa a zamanin ƙuruciyarsu, matafiyin da ya bar ƙofar gari da asuba ba zai yi nisa ba sai ya tayar da barewa ko gada, idan kuwa ya nutsa cikin dawa, to ga gwanki, ga kanki, ga ɓauna, ga jimina a ƙasashen da ke kusa da hamada, da dare kuma kura ba ta barin mutane su manta da ita. Yau yaron da ya tashi a waɗannan garuruwa bai san waɗannan dabbobi ba sai a tatsuniya da kirarin maharba. Abin da ya saura ya taru a 'yan wurare ƙididdigaggu, irin su Yankari a ƙasar Bauchi, wanda aka keɓe a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a watan Disamba na 1962, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244. Da Gashaka Gumti a kan iyakar Kamaru. Da dajin Kainji. Da Falgore a ƙasar Kano. Da gandun W a Nijar, wanda aka kafa a 1954. Giwayen Yankari, waɗanda suke cikin garkuna mafi girma da suka rage a Nijeriya, ƙiyasin masana bai kai su fiye da 150 ba. Kuma wanda ya san cewa giwa takan yi wata 22 da ciki, sa'an nan ta yi shekara huɗu ko biyar kafin ta sake haihuwa, ya san cewa garken da aka rage da harsashi a damina ɗaya ba zai koma yadda yake ba sai bayan wani ƙarni na mutane ya shuɗe.

Kada wani ya zaci keɓe ƙasa domin maslahar jama'a bidi'a ce da Turawa suka zo mana da ita. Ya tabbata a littattafan hadisi da fiƙihu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe filin Naƙi'i kusa da Madina domin dawakin Musulmi, kuma Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya keɓe Rabaza, ya naɗa wani bawansa da ya 'yanta mai suna Hunayyu ya kula da hurumin, ya yi masa wasiyya da ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar masu 'yan raƙuma da 'yan tumaki kaɗan su shiga, ya tsare garkunan manyan attajirai, domin su in dabbobinsu sun halaka suna da gonakin dabino da za su koma. A cikin wannan wasiyya akwai tushen dukan abin da ake koyarwa yau game da zaman gandun daji da maƙwabtansa. Bugu da ƙari, Imam Gazali a cikin Ihya'u ya lissafta likitanci da hisabi da noma da saƙa a cikin farillan kifaya, waɗanda idan wasu suka tsaya da su an ɗauke wa saura, idan kuwa kowa ya bari, laifi ya hau kan kowa. Kuma ya koka da yadda mutanen zamaninsa suka yi cincirindo a kan wasu fannoni alhali garuruwa da yawa ba su da likita Musulmi. Idan muka yi ƙiyasi a kan wannan, to ilmin da ruwan shanmu da makiyayarmu da inuwar garuruwanmu suka rataya a kansa ya cancanci shiga wannan babi ba tare da jayayya ba.

To, mene ne a cikin wannan aiki da har yake bukatar digiri? Zan kawo mas'aloli huɗu, kowace da misalinta na zahiri.

Mas'ala ta farko ita ce ƙidaya, domin wanda bai san adadin abin da aka ba shi amana ba, ba shi da hanyar sanin ko yana ƙaruwa ko yana raguwa, alhali dabbar dawa ba ta tsayawa a layi a ƙirga ta. Saboda haka ake koya wa ɗalibi yadda zai yanka daji da layuka miƙaƙƙu, ya bi su da ƙafa yana rubuta duk abin da ya gani da nisansa daga layin, sa'an nan ya fitar da adadin abin da bai gani ba ta hanyar ilmin ƙididdiga. Da yadda ake ƙiyasta yawan giwaye daga kashinsu, bayan an san sau nawa giwa take kasayarwa a yini da kwanakin da kashin yake yi kafin ya ruɓe. Da ɗana kyamarori a jikin itatuwa domin dabbobin dare. Da sanya wa uwar garke wuyan roba mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, kamar yadda aka yi wa wasu giwayen Yankari, domin a san inda garken ya dosa, a yi wa manoma gargaɗi tun bai kai gonakinsu ba. Mafi kyawun misali a nan shi ne raƙuman dawa na Kure, gabas da Yamai. Wannan irin, wanda a da yake yawo tun daga Senegal har Tafkin Cadi, ya ragu har a 1996 aka ƙirga guda 49 kacal a duniya, dukansu a wannan yanki, suna kiwo a cikin gonakin mutane. Da yake zanen jikin kowane raƙumin dawa daban yake da na ɗan'uwansa, sai masana suka riƙa ɗaukar hoton kowanne ta dama da ta hagu, suka buɗe masa shafi, suka san uwarsa da shekarar haihuwarsa; kuma da wannan sani, tare da hana farauta da taimaka wa ƙauyukan da dabbobin suke ci wa wake da mangwaro, adadin ya haura 600, har a 2018 aka ɗauki guda 8 aka kai su gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, domin kada annoba ɗaya ko fari ɗaya ya share irin duka.

Mas'ala ta biyu ita ce sanin gwargwadon abin da ƙasa za ta iya ɗauka, da yadda ake sarrafa wuta a cikinta. Daji yana da iyaka ga bakin da zai ciyar, kuma wannan iyaka da rani ake gane ta, lokacin da tafkuna suka ƙafe, namun Yankari suka taru a bakin Kogin Gaji. Idan aka ƙara musu dubban shanu a wannan lokaci, ciyawa mai amfani takan ƙare, wadda dabba ba ta ci ta maye gurbinta, ban da cututtukan da ke ratsawa tsakanin na gida da na dawa, kamar yadda ciwon bushiya ya yi wa shanu da ɓauna ɓarna a farkon shekarun 1980, kafin Allah ya nufa a kawar da shi daga duniya a 2011. Wuta kuwa, wadda jahili yake gani ɓarna ce zalla, a hannun masani magani ce: idan aka sa ta da kaka, ciyawa tana da sauran ɗanye, takan ci tsalli-tsalli ba tare da zafi mai yawa ba, ta bar mafaka ga ƙananan halittu, ta fito da sabon toho, idan kuwa aka bari sai bazara, komai ya bushe ƙayau, to gobara ce mai kashe 'ya'yan itatuwa da tsiraita ƙasa. Sanin wane yanki za a ƙona bana, wane za a bari sai baɗi, hukunci ne da ake gina shi a kan awo da rubutun shekaru.

Mas'ala ta uku ita ce ruwa, kuma misalinta yana fadamar Haɗeja da Nguru, inda ɗimbin mutane suke noma da su da kiwo, inda kuma tsuntsayen Turai suke sauka kowace shekara su yi hunturu. Da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamar ta ragu, ruwan da a da yake zuwa da damina ya janye da rani ya koma gudana kaɗan-kaɗan duk shekara, wannan kuwa shi ne abin da ciyawar kacalla take so, sai ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Binciken da masana tattalin arziki suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa amfanin da ake samu daga kowane ma'aunin ruwa a fadamar, idan an haɗa shinkafa da kifi da itacen wuta, ya fi wanda ake samu daga ruwan a manyan gonakin noman rani na sama. Irin wannan hujja, wadda ake iya ajiyewa a gaban gwamna ko majalisa, ba ta fitowa sai daga wanda ya haɗa ilmin halittu da na ruwa da na tattalin arziki.

Mas'ala ta huɗu ita ce gano sababin da ya ɓuya. A shekarun 1990 ungulayen ƙasar Indiya suka riƙa mutuwa har fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu ire-irensu suka ƙare, mushe ya yi yawa, karnukan da ba su da iyayengiji suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru a cikin mutane, kuma aka yi shekaru ana zaton wata annoba ce, sai a 2004 bincike a ɗakin gwaji ya tabbatar da cewa wani maganin ciwo da ake yi wa shanu allurarsa, mai suna dikilofenak, shi ne yake lalata ƙodar ungulun da ta ci mushen. A 2006 aka hana amfani da shi ga dabbobi. Mu ma a nan, duk wanda ya girma kusa da mahauta ya san ungulu ta yi ƙaranci, kuma cikin manyan dalilai akwai cinikin kanta da sassan jikinta a kasuwannin masu magani. Wanda zai auna girman wannan asara, ya bayyana wa hukuma da jama'a abin da zai biyo bayanta, dole ne ya zama ma'abocin bahasi da tahƙiƙi.

Yanzu sai mu juya ga inda ake samun wannan ilmi, domin tsani ne mai matakai. A matakin difloma akwai Kwalejin Tarayya ta Kula da Namun Daji da ke Sabuwar Bussa, kusa da dajin Kainji, wadda aka kafa a 1978. A wajen Nijeriya kuma akwai tsofaffin makarantu biyu da suka horar da mafi yawan shugabannin gandayen dajin Afirka, wato ta Mweka a gindin Dutsen Kilimanjaro a Tanzaniya, tun 1963, da ta Garwa a arewacin Kamaru, tun 1970, wadda 'yan'uwanmu na Nijar da Cadi suke zuwa domin da Faransanci ake koyarwa. A matakin digiri na farko, wanda a Nijeriya yakan ɗauki shekara biyar, ɗaya daga ciki a fagen aiki, Jami'ar Ibadan ce ta riga kowa, amma yau akwai sashen gandun daji da namun dawa a Jami'ar Bayero ta Kano, da ta Maiduguri, da ta Modibbo Adama a Yola, da ta Tarayya a Dutse, a Nijar kuma ana karanta fannonin muhalli a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da ta Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi. Sai dai digiri na farko buɗe ƙofa yake yi kawai. A digiri na biyu ne ɗalibi yake koyon tsara tambaya, da tattara hujja da hannunsa, da yarda da abin da lissafi ya nuna ko da ya saɓa wa abin da zuciyarsa take so. A na uku kuma ake sa ran ya ƙara wa duniya wani sani da babu shi a da.

Ina so in tsaya kaɗan a kan wata makaranta da ke kusa da mu, domin ta zama abin koyi, wato Cibiyar Binciken Tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda aka kafa a 2001 a dajin Amurum kusa da ƙauyen Laminga, gabas da Jos, bisa yarjejeniya tsakanin Jami'ar Jos da Gidauniyar Kiyaye Muhalli ta Nijeriya da mutanen ƙauyen kansu. Takan ɗauki ɗalibai kaɗan kowace shekara daga ƙasashen Afirka ta Yamma domin digiri na biyu, kuma ajinsu yana cikin dajin da suke nazari, ta yadda ɗalibi zai fita da asuba ya ɗana raga, ya kama tsuntsu, ya auna fiffikensa da nauyinsa, ya sa masa zobe mai lamba a ƙafa ya sake shi, da hantsi kuma ya zauna gaban kwamfuta yana koyon ƙididdiga da alƙaluman da shi ya tattara. A duwatsun wannan yanki akwai wani ɗan jan tsuntsu wanda masana ba su bayyana shi a littafi ba sai a 1998, da wani tsuntsun da yake yin ƙwai a sheƙarsa kuma yake kwaikwayon kukansa. Idan har a ƙarshen ƙarni na ashirin akwai halittar da ilmi bai rubuta ba a bakin babban birni kamar Jos, to ku yi tunanin abin da ke jiran mai nazari a Falgore da Kuyambana da tsaunukan Mambila.

Amma akwai sharaɗi guda wanda jami'a ba ta iya bayar da shi, kuma shi ne dalilin da ya sa na ce sai 'ya'yanmu. Dajinmu ba kango ba ne da babu kowa: akwai maharbi, akwai Bafillace da burtalinsa da mashayarsa, akwai mai saran itace, da mai ɗiban zuma, da manomin da giwa ta tattake masa dawar shekara a dare ɗaya. Sarkin Baka yana iya duban sawu ya faɗa maka dabbar da ta wuce, da jinsinta, da lokacin wucewarta, kuma ya san wuraren lasar kanwa da ba su cikin kowace taswira. Ɗalibin da ya komo da digiri, ya cire takalmi ya durƙusa gaban wannan dattijo, ya ce masa, "Baba, na zo neman ƙarin sani," ya haɗa ilmi biyu da ba safai suke haɗuwa a ƙirji ɗaya ba. Wanda kuwa ya zo da girman kai da tafinta, zai sami gaisuwa da ruwan sha, amma ba za a gaya masa komai ba. Doka tana nan, tun daga Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta 1963 har zuwa yarjejeniyar CITES ta 1973 mai hana fataucin halittun da ke gab da ƙarewa, sai dai dokar da maƙwabtan daji suke gani zalunci ce ba ta tsare ko gada ɗaya, kuma sulhu da mutane da harshensu, a zauren dagacinsu, shi ne rabin aikin.

Game da abin da mutum zai ci da wannan karatu, ƙofofin sun haɗa da Hukumar Gandayen Daji ta Ƙasa, da ma'aikatun muhalli na jihohi, da Cibiyar Binciken Gandun Daji, da shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, da koyarwa a jami'a, da ƙungiyoyin duniya, da aikin auna illar manyan ayyuka ga muhalli, wanda dokar 1992 ta wajabta kafin a gina madatsa ko babbar hanya. Amana ce kuma in gaya muku cewa albashin ba na masu neman dukiya ba ne, aikin kuma yana da hatsari. Sambisa da Kamuku gandayen namun dawa ne kafin su zama sansanin masu ɗauke da makamai, kuma a watan Agusta na 2020 an kashe mutum 8 a yankin raƙuman Kure, cikinsu har da mai yi wa baƙi jagora. Darasin da ke ciki shi ne, dajin da hukuma ta janye ma'aikatanta daga cikinsa ba ya zama babu mai shi, wani ne yake shiga ya mallake shi, kuma mutanen ƙauye su ne farkon masu biyan farashin. Duk da haka, abin da ya lalace yana gyaruwa idan masu ilmi suka tsaya a kansa: mariri, wanda aka bayyana ƙarewarsa a dawa a shekarar 2000, an mayar da shi ƙasar Cadi a 2016 daga garken da aka raina a Abu Dabi, ya hayayyafa, har a watan Disamba na 2023 aka cire shi daga jerin waɗanda suka ƙare a dawa.

Saboda haka ina roƙon iyaye da kada su karya gwiwar yaron da ya zaɓi wannan fanni, mace ce ko namiji, su tuna cewa Wangari Maathai ta Kenya, wadda ta kafa ƙungiyar dashen itatuwa a 1977 kuma ta karɓi kyautar Nobel a 2004, da digiri na uku a ilmin jikin dabbobi ta fara. Ina roƙon iyayenmu sarakuna da shugabannin ƙananan hukumomi, musamman waɗanda ƙasarsu ta yi iyaka da wani gandun daji, da su zaɓi yara masu hazaƙa daga ƙauyukan bakin dajin, 'ya'yan maharba da na makiyaya da na manoma, su ɗauki nauyin karatunsu har digiri na biyu, bisa alkawarin za su komo su yi aiki a ƙasarsu, gwamnati kuma ta tanadar musu gurbi da kayan aiki, domin tsada ce babba a horar da masani sa'an nan a ajiye shi a ofis babu mota babu man zuwa daji. Ku kuma ɗalibai, ku ƙarfafa lissafi da ilmin halittu tun yanzu, ku koyi rubutu mai tsabta da Hausa da Turanci, wanda ya sami hali ya ƙara da Faransanci da Fillanci, ku saba da tafiyar ƙasa da haƙurin jira, kuma ku riƙe gaskiya a cikin alƙalumanku, domin wanda ya rubuta giwa ɗari alhali hamsin ya gani ya ci amanar da hukuma za ta gina hukunci a kanta.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu cikin masu gyara a bayan ƙasa, ya kiyaye ma'aikatan da ke kwana a daji, ya jiƙan waɗanda suka rasu a bakin aikinsu, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.